Babban Yatsan Baba Sama'ila

"Ɗauke tawadar nan daga gabana," in ji Baba Sama'ila. Ya dunƙule hannunsa na dama, ya tura shi ƙarƙashin bargo.

Rabe, maƙwabcinsa na shekara talatin a Ƙarfi, yana zaune bakin ƙofa, ransa a ɓace. Tsohon ya kwana tara bai ci abin kirki ba, amma wakilin kamfanin tarakta ya iya shigowa har ɗakin jinya da takarda.

Kamfanin nan shekara biyu yana karɓar kuɗin wata-wata, a kan zai turo tarakta ta yi wa kowa huɗa da zarar ruwa ya sauka. Baba Sama'ila ya yarda har ya sayar da shanun huɗarsa. Ruwa ya sauka, aka je ofishinsu a Malumfashi aka tarar da kwaɗo a ƙofa. Manoma arba'in suka kai ƙara, sunansa ne a kan gaba. Lauyansu ya ce in ya dangwala yatsa a takardar nan ya janye, sauran ma za su watse.

"Buhun taki biyu ne fa za su ba mu, Baba," in ji ɗansa Mahadi a hankali. "Ga halin da muke ciki."

"Na ji. Taki ne zai ja garma?"

Wakilin ya gyara murya, ya sassauta ta kamar mai wa'azi. "Baba, wanda ke kwance, ai yafiya ta fi masa."

Tsohon ya juyo da kansa da ƙyar. "Rabe, matso ka zama shaida. Na yafe wa iyalina. Na yafe wa Ɗanjuma da ya ci min iyakar gona. Kai ma na yafe maka awakinka da suka cinye min wake."

"Sau ɗaya ne, Baba."

"Sau uku. Amma waɗannan, ban yafe ba. Ranar Litinin ka je kotu, in an kira sunana ka miƙe."

Wakilin ya naɗe takardarsa ya fita, ko sallama babu. Rabe ya ji daɗi har cikin ransa, sai kuma hawaye suka zubo masa.

Ranar Asabar da hantsi Baba Sama'ila ya cika. Rabe da liman suka shiga yi masa wanka a bayan ɗaki, kusa da garmar da ta yi tsatsa a jingine da katanga. Da suka zo kan hannun dama, suka tarar har yanzu a dunƙule yake. Rabe ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Babban yatsan duk kanta ce da tsagewar fartanya, babu ɗigon tawada ko ɗaya. Ya zuba masa ruwa a hankali.