Ram ɗin da ya ƙi shiga

Kwamfutar da Bakanike ya sayo wa 'yarsa Auta a gwanjo ta girmi yarinyar nesa ba kusa ba. In ka kunna ta, sai ka je ka yi wanka ka dawo tana nan tana nishi. Ga jarrabawar shiga babbar makaranta ta matso, da kwamfuta ake yin ta, Auta kuwa har yanzu laluben haruffa take yi. Wanda ta samu ta danna ma, sai ya yi shawara kafin ya fito.

"Baba, ta sake tsayawa." Kullum ke nan.

Da abin ya ishe shi, ya kinkime ta zuwa wurin mai gyara. Mutumin ya leƙa cikinta ya yi dariya. Ya ce ram take buƙata, ɗan allon da ke ƙara sauri, amma irin nata an daina yi, sai an sa cigiya.

Bakanike ba shi da haƙurin cigiya. Ya shiga shagon gaba ya sayi sabo fil, na zamani. Ai sabo ya fi tsoho.

A gida ya kwance murfin kwamfutar a kan tebur. Ram ya ƙi zama. Akwai ɗan tsagi a gindinsa, akwai ɗan haƙori a mazauninsa, sun ƙi haɗuwa. Ya juya, ya danna, ya yi tsaki, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Baban Auta, wannan fa ba mota ba ce," in ji matarsa.

"Inji ai inji ne. Ni za a koya wa?"

A gareji, ƙarfen da ya yi gardama magagari ake sa masa. Ya ɗauko nasa, ya goga tsagin nan har ya faɗaɗa, ya danna da babban yatsa. Ƙwas, ya zauna.

"Auta, zo ki kunna da hannunki."

Fankar cikinta ta juya. Sai ɗas! Hayaƙi siriri ya taso da ƙaurin roba. Ya bubbuga gefenta yadda yake yi wa motar da ta ƙi tashi. Shiru.

"Garin neman gira..." matar ta fara.

"Kada ki ƙarasa!"

Ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ya duba ko'ina, magagari na hannunsa. Da Auta ta yi kuka da ya fi masa sauƙi. Sai ta zare wayar kibod, allon haruffan nan, ta ɗora shi a cinyarta, ta fara dannawa.

"Me kike yi kuma?"

"Koyo, Baba. Tunda ba za ta nuna ba, ka tsaya a bayana. In na danna ba daidai ba, ka gaya mini."

Ya ajiye magagarin a ƙasa, ya goge hannu a rigarsa, ya jawo kujera.

"Danna mu gani," ya ce.