Ranar da Yelwa Ta Tsallake

Yelwa na kakkaɓe riɗi a bayan ɗakinta sai ta hango 'yan ƙafafu sun leƙo daga ƙarƙashin rumbu, furu-furu, ko takalmi babu.

"Fito, 'yar nan. Kunamu ke kwana a nan."

Yarinya ta fito da rarrafe. Sunanta Zinariya, marainiya ce daga Ɗanzomo. Kawunta Cindo ne ya damƙa ta ga dillaliyar da ke kwasar yara zuwa aikatau a birni, ita kuwa da mota ta tsaya a Gagarawa Tasha sai ta sulale ta bi gonaki.

Yelwa ta zubo dambu ta miƙa mata, tana jiran ta ga ko za ta ƙi karɓa. Ita ta san dalili. Tun damunar da ƙyanda ta kwashe 'ya'yanta, ɗan maƙwabta kuma ya cika yana ambaton sunanta cikin zafin zazzaɓi, gari ya yanke cewa mayya ce. An sha matsa mata ta tsallake marasa lafiya don ta sakar musu kurwa, ta ce ko za a yanka ta ba za ta yi ba, don tsallakewa amsa laifi ne. Ta kwashe komatsanta ta dawo bayan gari. Sunanta kaɗai ya rage mata, shi take riƙe da shi. Rabon da wani ya ci abin hannunta har ta manta.

Zinariya ta share kwano tas, ta lashe yatsu.

"Iya, akwai ƙari?"

Yelwa ta juya baya wai hayaƙi ne ya shige mata ido, alhali murhu ya daɗe da mutuwa.

* * *

Kullum sai Yelwa ta ce gobe za ta sanar da mai unguwa zuwan yarinyar, gobe ta yi ta ƙi zuwa. Kaɗaici ne ya hana ta, ba wani abu ba. Ta tsefe kan yarinyar ta yi mata shuku, ta yanke tsohon zanenta ta ɗaura mata. Gidan da akuya kaɗai ke magana a cikinsa sai ga shi ya cika da surutu.

"Iya, me ya sa ba mai zuwa gaishe ki?"

"Hanya ce da ƙaya."

"To ni ai na zo."

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Zinariya. Jiki ya yi zafi zau, ta soma sambatu, jiƙon darbejiya bai yi komai ba. Yelwa ba ta da ƙarfin goya ta zuwa titi. Ta yafa mayafi ta shiga gari da rana tsaka neman mai babur, mata na janye 'ya'yansu daga hanya. Ba wanda ya yarda ya biyo ta, amma labari ya bazu. Kafin la'asar ga Cindo, wanda ya kwana biyu yana cigiya, da jama'a a bayansa.

Aka fito da yarinyar aka shimfiɗe a tsakar gida. Leɓenta ne kawai ke motsi: "Iya... Iya..."

"Kun ji ko?" in ji wata mata daga baya. "Sunanta take kira."

"Cindo, don girman Allah ɗauke ta zuwa asibiti," in ji Yelwa. "Zazzaɓin sauro ne."

"Tsohuwa, kurwar da ke hannunki allura ba ta yi mata komai. Ki tsallake ta, sannan mu tafi. In ba haka ba muna nan."

Da gaske yake. Ya ma samu turmi ya zauna.

Yelwa ta dubi fuskokin. Wasunsu ita ta yanke musu cibi. Shekara da shekaru suna jiran wannan rana, ga shi ta zo musu har gida. Ta dubi shukun da ta kitsa, ya jiƙe da gumi, idanun yarinyar sun soma juyewa.

Ta tattare zanenta, ta ɗaga ƙafa, ta tsallake.

Wurin ya ɗauki salati. Nan da nan babur ya samu, aka nufi Gumel da Zinariya.

* * *

Ruwa da allura suka yi aikinsu, yarinya ta tashi. A Gagarawa Tasha kuwa ba wanda ya ambaci likita. Cewa aka yi, ai ga shi, tana tsallakewa ta sake ta. Masu ɗan shakka a da ma yanzu suka gamsu. Shi Cindo ba wanda ya tambaye shi abin da ya sa marainiya ta gudu.

Ranar kasuwa Yelwa na tsaye a bakin gonarta, ɗan nesa kaɗan da titi, motar dillaliya ta zo wucewa a hankali saboda ramuka. Zinariya na jikin taga, an aske shukun, an rataya mata laya a wuya. Ta ɗaga hannu, wani babban hannu ya danne shi ya juyar mata da kai.

Yelwa ta koma gida ta hura wuta. Sai da ta sauke tukunya ta lura a kwano biyu ta zuba. Ta daɗe tana kallon ƙaramin, sannan ta tura wa akuya.