Tsallaken Barakatu

"Kada ki sake ta cika ba ta tsallake yarinyar nan ba," in ji Tsohuwa, ungozomar unguwa, tana tura Sabuwa bakin ɗakin Barakatu. "In ta tafi da kurwar, sai dai ki haƙura."

Sabuwa ta sunkuya ta shiga da Nana a kafaɗa, jikin yarinyar zafi rau. Kwana shida ke nan autar tata ba ta sa ko kunu a baki ba. An yi jiƙo, an yi turare, an sha rubutu, shiru kamar an shuka dusa. Sai zargi ya koma inda ya saba komawa, wato kan Barakatu, maƙwabciyar da danga ɗaya ta raba su.

Ita ma dai Barakatu ba ta taimaki kanta ba. Tana budurwa mahara suka ɗauke ta a gonar auduga, nan bayan Gozaki, aka sayar da ita kudu. Bayan shekara talatin ta biyo ayarin fatake ta dawo, ba miji, ba ɗa, Hausarta ma ta karkace. Ba wanda ya taɓa ganin goshinta a ƙasa. Ran Lahadi ba ta kaɗi, ba ta daka, sai ta shige ɗaki ta yi ta ƙus-ƙus. Kuma da kunnenta Sabuwa ta ji ta, ta kafar danga, tana kiran sunan Nana. Wa ke kiran sunan 'yar mutane shi kaɗai a ɗaki in ba maye ba?

Barakatu na kwance a gadon kara, duk ta ƙare sai idanu, hasken hantsi ya faɗo mata a ƙafa.

"Inna Barakatu," in ji Sabuwa, "ban taɓa hana ki wuta ko gishiri ba. Don Allah ki sakar mini 'yata."

Barakatu ta daɗe tana kallonta. "Ashe abin da ake faɗa ke nan. Shekara tara ina ganin ana janye yara in na wuce."

"Na ji ki kina kiran sunanta!"

"Kin ji daidai. Zauna, Sabuwa, numfashina kaɗan ya rage."

Sabuwa ta tsuguna daga nesa, ta juya fuskar yarinyar ga bango.

"Na haifi 'ya a can bakin kogin Kwara. Tana kamar wannan aka ɓamɓare ta daga zanena, aka sa ta a jirgi. Na bi gaɓa ina ihu har jirgin ya ɓace. Washegari na shiga ruwa don in ƙare, wata mai sayar da kifi a Lakwaja ta jawo ni. Ita ma an sayar da nata biyu. Ba malama ba ce, ko baƙi ba ta sani ba. Cewa kawai ta yi, ita ma ta shiga ruwan nan, sai aka gaya mata labarin Isa Almasihu, wanda shi ma aka sayar, ya kuma yafe. Ta faɗa mini yadda ta fara iya barci. Ni ma na bi shi, na iya barci. Iyakar abin da na sani ke nan."

"Addinin Nasara," in ji Sabuwa a ranta, ta ƙara ƙanƙame 'yarta. Mai neman tsira ai ba ya rasa zaƙin baki.

"Ran Lahadi nakan roƙa wa tawa tsari. Ban san sunan da suka sa mata ba, sai in haɗa da yaran da na san sunansu. Taki ce ke kawo mini gyaɗa a ɓoye."

Wannan ta soki Sabuwa, don ta sha dukan Nana a kan gyaɗar da ke ɓacewa.

"Me ya hana ki faɗa tuntuni?"

"Tsoro. Waccan mai kifin ta buɗe baki na rayu, ni na rufe nawa na zama mayya. Ɗaga ni."

"Inna, in kin tsallake, cewa za su yi kin amsa laifin."

"In ban tsallake ba, ke ce ba za ki yi barci ba. Ɗaga ni."

Sabuwa ta shimfiɗa Nana a ƙasa, ta tallabo Barakatu, ba ta fi nauyin damin kara ba. Matan da suka yi cirko-cirko a ƙofa suna kallo Barakatu ta ja ƙafa ɗaya ta ƙetara yarinyar, ta ja ɗayar, bakinta na motsi. Kafin la'asar Barakatu ta cika.

Kafin la'asar ɗin kuma zufa ta karyo wa Nana, ta buɗe ido ta ce kunu take so.

"Kun gani ko!" in ji Tsohuwa. "Ta sake ta. Ni dai hannuna ba zai taɓa gawar nan ba."

Sabuwa ba ta san abin da ya sauke zazzaɓin ba, kuma ba ta yi da'awar sani ba. Kunya ce ta rufe ta. Ta ɗauki ƙwarya ta cika da ruwa, ta shiga ɗakin ita kaɗai, ta saki asabari.

"Tana da 'ya," ta ce daga ciki, da ƙarfi yadda za su ji. "A bakin Kwara aka raba su."

Ta ci gaba da faɗa tana zuba wa gawar ruwa. Ruwan ya biyo ƙarƙashin asabari ya gangaro tsakar gida, matan suka ɗan ja ƙafafunsu baya, amma ba wadda ta tafi.