Sashe na Bakwai

Minti arba'in suka kwashe a kan launin lambar da za su maƙala a ƙirji. Mahrukh ta ce kore, Taimur ya ce kore na 'yan wasan ƙwallon kurket ne, a yi ruwan zinare. Zunaira Bhatti, sakatariyar majalisar, tana ƙarshen tebur da littafin bayanan taro a buɗe. Ta rubuta "an tattauna batun lamba", ta ajiye biro, ta ci gaba da kallonsu kamar mai kallon kaji a kan tsaba.

Su tara ne aka zaɓa makon jiya su kafa Majalisar Amana, wadda kwalejin ta yi shelar cewa daga yanzu ita za ta riƙa shari'ar duk ɗalibin da aka kama da satar amsa ko kwafar aikin wani, ba malamai ba. Zunaira ce ta kawo maganar tun bara. Ita ta bi ofisoshi har masu gadi suka san ta, ita ta zauna hutun bazara a saman shagon ɗinkin mahaifinta a garin Gujranwala ta rubuta kundin dokokin, shafi goma sha ɗaya. Da aka zo zaɓe sai Shehryar Khosa ya zama shugaba, domin ya iya tsayuwa gaban jama'a da hannu ɗaya a aljihu, kuma shi ya kawo tukwane biyu na shinkafar biryani ranar ƙuri'a.

Kwamiti biyu kundin ya tanada, na bincike da na sauraro. Kafin ƙarfe sha ɗaya sun zama bakwai. An ƙirƙiro na wayar da kai, da na hulɗa da tsofaffin ɗalibai, da na karɓar baƙi, da na tsare-tsare, har da na sa ido a kan sauran kwamitocin. Ba wanda ya faɗi dalili, kuma ba wanda bai san shi ba: lokacin cika takardun neman jami'o'in waje ya kusa, kowa yana son ya rubuta "shugaban kwamiti" a ƙarƙashin sunansa. Na sauraro kuwa aka ce kowa memba ne, don kada wani ya ji an rage masa girma. Da Zunaira ta tambaya baƙin wa za a karɓa, Mahrukh ta ce ai idan babu kwamiti ba za su zo ba.

Daga nan Shehryar ya zaro wata ambulan daga jakarsa, ya ce ofishin shugabar harkokin ɗalibai ne ya aiko, ƙara ta farko ke nan. Ɗalibai biyu na aji uku sun miƙa rubutu iri ɗaya a darasin tarihin tattalin arziki, har kurakuran bugu ba su bambanta ba. Ɗaya Daniyal Cheema ne, ɗayan Sharoon Gill.

Zunaira ta gyara zama. Kowa a ɗakin ya san Daniyal bai taɓa karanta shafi uku a jere ba, kuma kowa ya san a motar Shehryar yake zuwa kwaleji. Ta shirya maganganunta tsaf, tana jiran ta ji ta inda za a fara wanke shi. Sai Shehryar ya buɗe kundin, ya karanta sashe na bakwai da murya irin ta mai labarai: wanda ya kwafa da wanda ya bayar a kwafa laifinsu ɗaya, hukuncinsu ɗaya, dakatarwa ta zango guda.

"Doka ba ta san aboki ba," in ji shi, yana kallonta. "Abin da Malama Sakatariya ta rubuta, shi za mu bi, ko wasali ba za mu taɓa ba."

Aka tsayar da ƙarfe uku don sauraro, saboda ana son a sanar da sakamako a taron ɗalibai na gobe. Taimur, shugaban kwamitin bincike, ya yi alkawarin kammala bincikensa a lokacin cin abincin rana. Zunaira ta fito tana jin wani abu mai kama da nasara, ko da yake ta rasa wanda ta kayar.

A wurin cin abinci ne Mahrukh ta warware mata, ba da nufin komai ba, tana tsoma samosa a yaji. Ta ce ai Daniyal bai damu ba, dama a watan Janairu zai koma Toronto wurin kawunsa, an gama masa komai, dakatarwar hutu ce kawai ta zo da wuri. Shi ya sa ma Shehryar ya ce a yi abin da ƙarfi, don sunan majalisa ya fito. Zunaira ta tambaya, Sharoon fa? Mahrukh ta ɗaga kafaɗa, ta ce shi kam ba ta san shi sosai ba, wannan mai rigar sanyi launin toka ko?

Zunaira ta san shi, kuma ta san abin da Mahrukh ba ta da dalilin sani, domin takarda iri ɗaya suka sa wa hannu ita da shi a shekarar farko: ɗalibin da ke karatu da tallafin kwaleji, idan aka dakatar da shi ko na kwana ɗaya ne, tallafin ya faɗi. Ba ta tuna da wannan ba sa'ad da take rubuta sashe na bakwai. Abin da ta tuna a lokacin shi ne yadda jimlar ta yi daɗin karantawa.

Ta bar shayinta ta haura ofishin shugabar harkokin ɗalibai. Dokta Nighat Durrani ta saurare ta da murmushi, tana juya zoben hannunta. Ta ce ita fa hannunta a ɗaure yake, majalisa ta ɗalibai ce, in malamai suka sa baki tun a ƙarar farko ina amfanin abin? Ta ƙara da cewa ta karanta kundin, ya burge ta, musamman rashin sassaucinsa, kuma za ta ambaci haka a wasiƙar shaidar da za ta rubuta mata. Zunaira ta yi godiya. A kan matakala ta ji haushin godiyar da ta yi.

Ta sami Sharoon a bayan ɗakin karatu, zaune a kan dakali yana cin gurasar paratha daga cikin jarida. Mahaifiyarsa ma'aikaciyar jinya ce, daga Youhanabad, unguwar talakawan Kiristoci, yake hawo bas biyu kullum. Da ya gan ta bai tashi ba, sai ya matsa ya bar mata wuri mai faɗi fiye da yadda ake buƙata.

Ta tambaye shi me ya sa ya ba Daniyal aikinsa. Ya ce saboda ya tambaya. Ta ce wannan ba dalili ba ne. Ya yi dariya kaɗan, ya naɗe jaridar.

"Shekara uku ke nan ina bayarwa, Alƙaliya. Da shi na sayi wurin zama a tebur. Wanda ba zai sha ruwa da kofina ba, yana shan aikina ba ƙyama."

Ta ce zai iya faɗa wa kwamiti cewa sace masa aka yi. Ya ce ba a sace ba, shi ya tura da hannunsa, kuma ba zai fara ƙarya yau don ya shiga Majalisar Amana da ita ba. Ta tambaye shi su wa da wa ya taɓa ba wa. Ya fara lissafi da yatsu, ba tare da zafi ba, kamar mai karanta sunayen tashoshin bas: Taimur sau huɗu, Mahrukh duk aikin gida na lissafin ƙididdiga, Shehryar rubutun da ya ci kyauta bara. Cikin tara ya ambaci shida. Sa'an nan ya dube ta.

"Ke ma, shekarar farko, makon da mahaifinki ya kwanta asibiti. Tambaya ta uku da ta huɗu. Ba gori nake miki ba, ke kika tambaya."

Ba ta manta ba. Ta dai ajiye shi ne a wurin da mutum ke ajiye abin da ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba ya cikin lissafi.

Ƙarfe uku aka zauna. An jera kujeru tara a gefe ɗaya, biyu a ɗaya gefen. Daniyal ya shigo yana taunar cingam, ya amsa laifinsa cikin fara'a, ya ce yana girmama majalisa. Taimur ya gabatar da rahoton bincikensa, wanda ya ƙunshi ɗora takardun biyu kusa da juna. Sharoon ya ce eh, shi ya rubuta, shi ya bayar, ba shi da ƙari. Aka ce su jira a waje.

Zunaira ta nemi a sassauta wa wanda ya bayar, ta bayyana maganar tallafin. Shehryar ya girgiza kai cikin alhini, ya ce zuciyarsa na tare da ɗan'uwa Sharoon, amma in aka fara duba aljihun mutane ai an bar shari'a an koma sadaka. Taimur ya ce mai dokar barci bai kamata ya ɓuge da gyangyaɗi ba. Aka yi dariya. Shugaba ya ce a ɗaga hannu.

Ta ce kafin nan akwai ƙara ta biyu da ta shigo, kuma aikin sakatariya ne ta karanta. Ta yage shafi daga bayan littafin, ta rubuta a gabansu. Ta fara da sunanta, da darasin, da shekarar. Ta bi da na Shehryar, da na Taimur, da na Mahrukh, har ta cika bakwai. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ta ce mai shaida yana bakin ƙofa, kuma duk saƙonnin da aka tura masa suna cikin wayarsa.

Ba ta san ko suna ciki ba. Amma ta ga Taimur ya sunkuyar da kai yana duba tasa wayar a ƙarƙashin tebur.

Mahrukh ta ce ita aikin gida ne kawai, ai aikin gida ba jarrabawa ba ne. Shehryar ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi laushi kamar ta mai ta'aziyya. Ya ce tun safe wani abu ke damunsa game da sashe na bakwai. Majalisa irin tasu gyara aka kafa ta ta yi, ba ramuwa ba. Ya kawo shawarar laifin farko ya zama gargaɗi a rubuce, ga mai kwafa da mai bayarwa, kuma duk abin da ya faru kafin kafa majalisa a bar shi a inda yake.

Cikin minti huɗu aka gama. Taimur ya goyi baya tun kafin shugaba ya rufe baki. Aka kira mutanen biyu aka sanar da su. Daniyal ya ɗan ɓata rai, domin yanzu sai ya zauna jarrabawar ƙarshen zango. Sharoon ya ce to, ya ɗauki jakarsa, ya fita bai dubi kowa ba, ita ma bai dube ta ba. Sauran suka tafa wa kansu, Mahrukh tana cewa a sa wannan a sanarwar gobe, majalisa mai adalci da jinƙai.

Wani ya tambaya yaya za a yi da ƙara ta biyu. Shehryar ya ce a sabon sashe babu wata ƙara ta biyu, ya turo wa Zunaira takardar da ɗan yatsa ɗaya. Ta dubi sunanta a sama, da rubutunta. Ofishin Dokta Durrani hawa ɗaya ne daga nan, ba a rufe shi sai biyar. Ta ninke takardar gida huɗu ta sa a jaka.

"Malama Sakatariya, ƙuri'a nawa za a rubuta?" in ji Shehryar.

Ta jawo littafin, ta rubuta tara.