Sulken Lefteris

Shekara goma sha ɗaya ke nan ni ce mai duba makamai a ƙungiyarmu ta garin Maraton, masu yin shigar mayaƙan zamanin da suna kwaikwayon yaƙin da kakanninmu suka yi da Farisawa. Kafin kowa ya shiga sahu sai ya bi ta teburina. Kan mashi in ba roba ba ne, in karɓe. Takobi in ya ji wa babban yatsana ciwo, in karɓe. Suna ce mini Argiro Ba-sani-ba-sabo, sunan kuwa bai taɓa hana ni barci ba. Na yi aikin jinya shekara talatin, na san abin da tsinin ƙarfe yake yi wa haƙarƙari.

Lefteris mai gidan burodi sau uku ina korarsa. Shekarar farko sulkensa na kwali ne da fenti, ta biyu na fatar kujerar mota, ta uku kuwa gara in yi shiru. Kullum sai ya ƙare a gefen fili yana raba wa mayaƙa ruwa. Ga shi bana ya cika sittin da huɗu, a dokarmu kuma daga sittin da biyar sai kallo. In bai shiga bana ba, shi da sahu har abada.

Da safe ya iso rungume da sulken lilin irin na kakanni, yadi a kan yadi har goma sha biyar, an manne su da danƙon fatar zomo. Na ƙwanƙwasa, ya amsa kamar ƙyauren ɗaki.

"Wata huɗu ina fama da shi a bayan tanda," in ji shi. "Taɓa ki ji, 'yar uwa."

"Taɓawa ba ta ba da izini. Ɗaura wa buhu."

Ƙa'idarmu ita ce a sa wa buhun yashi sulken, a soke shi sau uku da mashin ƙarfe na gaske. In yashi ya zubo, mai sulke ya faɗi.

Yana cikin ɗaurawa sai ga matarsa Fotini da tiren burodi mai riɗi. Ta zo wucewa ta ja ta tsaya, ta ƙura wa kafaɗar sulken ido.

"Lefteris, wannan ganyen zaitun da aka ɗinka a nan, daga ina?"

Ƙarti arba'in masu garkuwa da kwalkwali, nan take kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Uwargida, ai biyu kawai na ɗauka."

"Biyu?"

"To, shida."

"Zannuwan gadon da uwata ta saƙa da hannunta! Shekara arba'in suna adaka, ni kaina ban taɓa kwanciya a kansu ba, shi ne ka shafe su da romon zomo?"

"Danƙo ne, ba romo..."

"Rufe mini baki!"

Na san tsohuwar kafin ta rasu, na kuma san 'yarta. Gaskiya Lefteris ya ba ni tausayi, abin da ba kasafai yake samuna ba.

Fotini ta dire tire ta dube ni. "Argiro, wa ke sukar?"

"Ni."

"Yau ni ce."

Doka ba ta ce lallai sai ni ba. Kuma ina zan sami gwajin da ya fi hannun matar da ta tsufa tana murza ƙullu, ga shi an ɓata mata rai? Na miƙa mata mashin.

Suka ta farko buhu ya girgiza. A ta biyu sai da ta ja da baya taku biyar ta taho a guje. A ta uku sandar mashin ta tsage, Lefteris ya runtse ido kamar a cikinsa ta sauka.

Na durƙusa na duba ƙasa, babu ko ƙwayar yashi. Na sa yatsa a ramin, tsinin bai wuce yadi huɗu ba.

Fotini ta daɗe tana shafa wurin. Da ta ɗago, idonta ya cika da ƙwalla, amma dariya take yi.

"Kun gani ko? Saƙar uwata ke nan. Matan ƙauyenmu har tsiya suke yi mata, wai zarenta ya cika kauri."

Da kanta ta kwance sulken daga buhu ta sa wa mijin, ta ja igiyar har sai da ya yi nishi.

"Sahun gaba za ka tsaya, inda kowa zai gan shi. In kuwa ka juya wa Farisawa baya da zanin uwata a jikinka, ka nemi wurin kwana."

"Ko da sun zo da giwaye, uwargida."

Na ɗauko hatimin izini na buga masa a bayan hannu. Ya juya ya nufi sahun gaba.