Kabewar Ofishin Kansila

Jiya da dare na yi wani mafarki, wai an zaɓe ni kansila. Ban ma tsaya takara ba. Ina shagona ina gyaran rediyo, sai jama'a suka ɗauke ni har da kujerar da nake zaune a kai, suka dire ni a ofis.

A garin nan ruwan sama daga ƙasa yake tashi, don haka kowa taka lemarsa yake yi in zai fita.

Ma'ajin ƙaramar hukumar akuya ce, ja, da tabarau a kan hanci. Kyalla sunanta. Ta mirgino wata ƙatuwar kabewa ta ajiye a gabana.

"Ranka ya daɗe, ga kasafin ofishinka na bana."

"Kabewa?"

"Ka gode Allah. Bara kankana aka bayar, ko watan azumi ba ta kai ba."

Ta kaɗa ƙararrawa, ma'aikatana suka shigo a layi. Akwai mai riƙe mini hula, da mataimakinsa mai riƙe masa tasa hular. Akwai mai ba ni shawara kan atishawa. Akwai wasu tagwaye, ɗaya yana buɗe ƙofa, ɗayan yana tabbatar da cewa an buɗe. Can ƙarshe ga wani dattijo, Malam Tanimu. Na tambaye shi aikinsa.

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji shi.

"Cewa na yi mene ne aikinka?"

"Ai shi na yi maka yanzu."

Kowa ya miƙo hannu, Kyalla tana yankan kabewa tana ba su. Kafin azahar babu abin da ya rage sai 'ya'yan. Na ce lallai a rage ma'aikata. Aka ce to, amma fa rage ma'aikata babban aiki ne. Nan take aka ɗauki sababbi su zauna su duba yadda za a yi, aka raba musu 'ya'yan kabewar.

Sai na gan ni a bakin rijiyar unguwa. Gwaggo Lantana, mai tuyar ƙosai a layinmu, tana tsaye da guga a hannu, ta ɗaga kai. Ruwan rijiyar ne ke tsiyayewa sama, har da kwaɗi.

"Ilu, ɗan nan, murfi kawai muke so," ta ce da ni. "In ta ƙafe, sai dai yara su koma kududdufi, kuma ka san yadda ruwan can ke murɗa musu ciki."

Kunya ta rufe ni. Na juya wajen Kyalla.

"Murfi yanki nawa ne?"

"Yanki guda, ranka ya daɗe. Mai shawara kan atishawa ya riga ya yi miya da shi."

Na waiwaya, ga ma'aikatana duk sun biyo ni, sun cika layin suna hamma. Na ce, "Jama'a, wa ke son aiki?"

Mai riƙe hula ya fashe da kuka. Ya ce tun yana saurayi yake jiran a yi masa tambayar nan.

Suka kama hannun juna, suka kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, ƙafar wannan a kafaɗar wancan, har babu ƙofar da ta rage. Ruwa ya taso, ya bugi tumbinsu, ya koma. Suna ta ƙyalƙyala dariya, wai cakulkuli yake musu. In mace ta zo ɗiba, sai mutum ɗaya ya ɗan karkace ta zura guga.

Gwaggo Lantana ta cika bokitinta, ta rangaɗa guɗa, mata suka amsa. Ta kafa kasko a kan wuta nan wajen, ta ce yau murfi sai ya ƙoshi. Ta miƙo mini ƙosai mai zafi, babba, mai albasa.

Na kai shi baki ke nan, sai na ji ƙarrr, ƙarrr. Na buɗe ido. Matata Uwani ce ke kankarar tukunyar tuwo a tsakar gida.

Na yi miƙa, na ɗaga murya na ce a kai mini ruwan wanka.

"Ma'aikata gare ka a gidan nan?" in ji ta. "Bokiti na bayan ƙofa."