Sabon Kwanon Malam Mahmudu

Shekara tara ɗakin Malam Mahmudu yana yoyo. Da zarar hadari ya haɗo daga gabas, matarsa Zuwairatu za ta fara jera robobi a ƙasa, kowace ta san wurin zamanta. Sai bana, ana gab da faɗuwar damina, babbar 'yarsu Mahbuba, mai aikin jinya a Katsina, ta aiko da bandir biyu na kwanon rufi a bayan a-kori-kura, har da kafinta. Kafin la'asar an gama bugawa, tsohon kwanon kuma aka jingine shi a bayan garken awaki.

Washegari da hantsi Malam Mahmudu yana dawowa daga gona, tun daga bakin rafi ya hango wani abu yana walƙiya a tsakiyar garinsu Tsaskiya kamar an kafa madubi. Ya kare ido da hannu. Ashe gidansa ne. Ya tsaya cak, don in shi ya hango daga nan, to 'yan bindigar daji ma sun hango, kuma suna da masu kai musu labari a kowane gari. Bara sun ɗauke wani mutum can wajen Batsari, aka ce abin da ya jawo masa kawai ya shafe katangarsa da siminti.

Ya biyo ta gindin darbejiyar da dattawa ke zama. Jinjiri, abokin wasansa tun suna makarantar allo, ya miƙe ya dunƙule hannu.

"Ranka ya daɗe, Alhaji Mai Walƙiya!"

"Kai, rufa mini asiri! Wane irin Alhaji? Ni ko filin jirgi ban taɓa gani ba."

"Ai ba sai ka je ba. Yanzu jirgin ne zai gan ka daga sama ya sauka."

Aka kwashe da dariya. Malam Mahmudu bai yi ba, fuskokin masu dariyar yake dubawa ɗaya bayan ɗaya. Duk ya san iyayensu, amma yau bai san cikin kowa ba.

Da ya isa gida ya kwaɓa laka, ya hau tsani ya shafe rufin kaf. Zuwairatu tana daga ƙasa riƙe da ƙugu.

"Malam, wai yarinyar nan kwano ta aiko maka ko rumbu?"

"Ke dai miƙo mini bokitin."

Bayan kwana biyu aka yi ruwan farko, irin mai ƙarfin nan. Ko ɗigo bai sauka a ɗaki ba, Zuwairatu har da guɗa. Amma da rana ta fito, ruwa ya wanke lakar tas, kwano ya fi da sheƙi.

Ya tafi wajen liman, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya yi niyyar ba da kwanon sadaka a rufa masallaci.

Liman ya daɗe yana jan carbi. "Allah ya karɓi niyya, Mahmudu. Amma rufinmu bai gaza ba tukuna. Ka gwada masallacin unguwar gabas."

Na unguwar gabas suka ce su ma nasu lafiya lau, alhali ana hango sama daga sahun farko. Har Jinjiri ya yi wa tayi, Jinjiri ya ce shi yoyon ɗakinsa gado ne, ba zai rabu da shi ba.

Daga ƙarshe dabara ta zo masa. Ya jawo tsohon kwanon nan mai tsatsa daga bayan garke, ya buga shi a kan sabon, ya ɗora duwatsu da tsohuwar taya. Gida ya koma yadda aka san shi. Sunan ne dai ya ƙi komawa: har mata a bakin rijiya "gidan Mai Walƙiya" suke cewa.

Ranar kasuwar Safana yana zaune a ƙofar gida cikin rigar noma, sai ga wani baƙo a kan babur, da wani faffaɗan abu ɗaure a baya cikin kwali.

"Salamu alaikum, Baba. Gidan Alhaji Mai Walƙiya nake nema, an ce mini ta nan ne."

Malam Mahmudu ya kalli baƙon sama da ƙasa. A cikin gida yana jin muryar autarsa Nazifa tana bitar hadda.

"Ya tashi," in ji shi. "Tun makon jiya ya kwashe iyalinsa."

"Ikon Allah! Ga shi 'yarsa ta ba ni faifan sola in kawo masa."

Ya dubi kwalin. Ta inda ya yage, gilashi yana ɗaukar ido.

"Mayar mata. Ka ce ba ka same shi ba."

Bayan azahar waya ta yi ƙara. Mahbuba ce.

"Baba, ina kuka koma ba ku gaya mini ba?"

"Muna nan, uwata. Ni na kori mai babur ɗin."

"Laifin me na yi, Baba? So nake Inna ta huta da fitilar batir."

"Ba ki yi laifi ba. Allah ya yi miki albarka, ɗaki ya daina yoyo. Amma kada ki ƙara aiko da abin da ido zai gani." Ya gyara riƙon wayar. "Kuma Sallar nan ki yi ta a can. Kowa ya san ke kika aiko da kwanon."

Ta ce to, ta kashe wayar.

Zuwairatu, wadda ta ji komai daga bakin murhu, ta juya baya tana gyara itacen da bai buƙaci gyara ba. Shi kuwa ya fita ya zagaya gidan yana ɗaga kai. Ta kusurwar yamma wani ɗan gefe ya leƙo yana sheƙi. Ya koma ya ɗauko tsani.